Me kwamitocin tallafin bincike na ƙasashen waje ke ƙirgawa a matsayin nasarar ɗalibin injiniya?

Injiniya_Nafiu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da nake so masanan cikinmu su warware mana. Duk lokacin da aka buɗe neman tallafin bincike, sai ka ga ɗalibin injiniya mai sakamako na ɗaya, ga maƙala huɗu ko biyar da sunansa a kai, ga lambar yabo daga sashensu, amma ko kiran tattaunawa bai samu ba. Wani kuma mai maƙala ɗaya tal sai ka ji ya wuce Jamus ko Japan. A ganina maki da yawan maƙala su ne ma'aunin ƙwazo. In ba su ba, to mene ne? Ko akwai abin da ake dubawa wanda ba a rubuta shi a sanarwar ba?

DrSaratu_Makanikal:
Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin a zo maganar ƙwazo, a fara cire waɗanda tun daga ƙofa aka mayar da su, domin suna da yawa, kuma galibinsu ba su san dalili ba. Ma'aikacin ofis ne ke tace takardu da sharuɗɗan cancanta kafin su kai gaban farfesoshi. In ka saɓa sharaɗi ɗaya, ba wanda zai buɗe maƙalarka.

Ga misalai. Guraben digirin digirgir na Marie Curie na Tarayyar Turai suna da dokar zama: kada ka kasance ka zauna ko ka yi aiki a ƙasar da za ta karɓe ka fiye da wata 12 a cikin wata 36 da suka gabaci ɗaukarka, kuma kada ka riga ka mallaki digirin digirgir. A yawancin shirye-shiryen DAAD, hukumar Jamus mai ba baƙi tallafin karatu, kada digirinka na ƙarshe ya wuce shekara 6, kada kuma ka kasance ka zauna a Jamus fiye da wata 15 lokacin da kake nema. Shirinsu na EPOS yana son shekara 2 na aiki bayan digirin farko. MEXT, tallafin karatu na gwamnatin Japan, yana son wanda bai kai shekara 35 ba. Tallafin gidauniyar Humboldt ta Jamus ga sabon dakta iyakarsa shekara 4 ce daga kammalawa, na JSPS, hukumar tallafin bincike ta Japan, kuma shekara 6.

Bayan an tsallake wannan, nauyin maki ya danganta da matakin. A neman digiri na biyu, kamar Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, maki na da ƙarfi sosai, don ba ka da wani abin nunawa tukuna. A digirin digirgir maki kan shigar da kai jerin waɗanda za a duba ne kawai. Bayan digirgir kuwa kusan ba mai tambayarsa.

Lantarki247:
Dakta, NSF GRFP fa? Na ga ana yawan yaɗa shi a matsayin babban tallafi ga ɗaliban injiniya.

DrSaratu_Makanikal:
Babba ne kam, shekara 3 na tallafi, amma na 'yan ƙasar Amurka ne da masu takardar zama ta dindindin a can. Wanda ba ya cikin waɗannan kada ya ɓata dare ɗaya a kai. Ga baƙo, ƙofar Amurka ita ce Fulbright, tallafin gwamnatinsu ga baƙi, ko kuma farfesa ya ɗauke ka mataimakin bincike ya biya ka daga kuɗin aikinsa, kuma ta wannan hanya ta biyun ce ɗaliban injiniya da yawa ke shiga.

Siminti_da_Rodi:
Injiniya Nafiu, ni zan tsaya a kan maƙala biyar ɗin da ka ambata. Mai tantancewa ba ƙirgawa yake yi ba, ɗaya zai ɗauka ya karanta sashen hanyar bincike. A nan ake gane komai.

Ɗauki aikin da ɗaliban gine-gine suka fi yi, maye wani kaso na siminti da tokar ɓuntun shinkafa, kashi 5, 10, 15, 20 cikin ɗari, sai a fasa samfuri a kwana 7 da kwana 28. An yi irin wannan ba adadi a duniya. Abin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne waɗannan: a wane zafi aka ƙona ɓuntun, kuma an iya riƙe zafin? Tsakanin digiri 500 zuwa 700 ne ake samun silika mai haɗuwa da siminti. In zafi ya haura 800 sai ta fara daskarewa ta koma ƙirar da ba ta aiki, tokar ta zama kusan yashi. To ka yi XRD, gwajin da ke nuna ƙirar silikar, ka nuna wace iri ce a hannunka? Ka yi XRF, gwajin da ke auna sinadaran da ke cikin toka, ka nuna jimillar silika da alumina da sinadarin ƙarfe ta kai kashi 70 da ƙa'idar ASTM C618, ma'aunin Amurka na irin wannan toka, ke nema a rukunin N? Rabon ruwa da siminti ɗaya ne a duk haɗin, ko an riƙa ƙara ruwa da ido saboda toka na shanye shi? Samfuri nawa aka fasa a kowane haɗi? Aƙalla uku ake so, a kuma rubuta yadda sakamakonsu ya bambanta, ba matsakaici kaɗai ba. Yaushe aka yi wa injin fasawar saiti na ƙarshe?

Maƙala ɗaya da ta amsa waɗannan ta fi biyar da suka tsallake su. Farfesan da zai ba ka makullin ɗakin gwajinsa so yake ya tabbatar in ka kawo masa lamba, lambar gaskiya ce.

RuwaDaIska:
Haka abin yake a ɓangaren masu kwaikwayon gudanar ruwa da iska a kwamfuta. Hoto mai launi ja da shuɗi daga manhajar ANSYS ba sakamako ba ne. Za a nemi ganin ka gwada raga uku, wato yadda kwamfuta ke yanka wurin gida-gida don lissafi, mai faɗin ido, matsakaiciya da mai ƙananan ido, har amsar ta daina canzawa. Za a duba y+ ɗinka, lambar da ke nuna kusancin ragar da bango, ya dace da tsarin da ka zaɓa: kusan 1 in kana warware gefen bango kai tsaye, 30 zuwa sama in kana amfani da lissafin bango. Sai babbar tambaya, da wane gwaji na zahiri ka kwatanta? In babu ɗakin gwaji, ɗauko bayanan da wani ya wallafa, ka fara nuna tsarinka ya maimaita su, sannan ka wuce zuwa naka.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: manhajar sata. Wasu mujallu da jami'o'i kan tambayi lasisi. In babu halin lasisi, manhajar OpenFOAM mai irin wannan aiki kyauta ce, kuma iya shi kansa abin rubutawa ne a takardar neman gurbi.

Bakin_Allo:
Ban yarda da ku ɗari bisa ɗari ba. Kuna magana kamar kowane mai tantancewa na da lokacin karanta sashen hanyar bincike. Mutum ne da tulin takardu a gabansa, wani lokacin ma ba fanninka ba ne. Abin da idonsa zai fara kamawa shi ne sunan mujalla, da matsayin sunanka a jerin marubuta. Saboda haka yawa na da tasiri, muddin a wurare sanannu ne. Wanda ke da uku a mujallun Q1 da Q2, wato na sahu na ɗaya da na biyu a jerin darajar mujallu, yana gaban mai ɗaya, komai kyan ɗayar.

Siminti_da_Rodi:
Malam Bakin_Allo, ai ba mu saɓa ba. Uku a Q1 sun riga sun wuce hannun masu bita masu tsanani. Biyar ɗin da Injiniya Nafiu ke nufi sau da yawa ba irinsu ba ne.

UmmuHanan_Kemikal:
Wannan shi ne ciwon. Mujallun bogi ba rashin amfani kaɗai gare su ba, rage maka daraja suke yi. Alamominsu a fili suke: su ne ke aiko maka da saƙon gayyata suna yabonka, su karɓi maƙala cikin kwana uku ko mako guda ba gyara ko ɗaya, mujalla guda ta haɗa injiniya da shari'a da aikin jinya, sannan a manna wata lambar tasiri da ba daga Clarivate, kamfanin da ke fitar da ta gaske, ta fito ba.

Yadda za ka bincika, minti goma ya isa. Ɗauki lambar ISSN, wato lambar shaida ta mujallar, ba sunanta ba, don akwai masu kwaikwayon sunan mujallar gaske har da shafinta. Saka lambar a jerin mujallun Scopus, rumbun da ke lissafa mujallun da aka tantance, ka ga ko tana ciki, ka kuma duba shekarun da aka lissafa ta, domin Scopus na korar mujallu, su kuma su ci gaba da liƙa tambarin a shafinsu. Duba ta a jerin Web of Science, wani rumbun irin Scopus. In ta buɗaɗɗen karatu ce, duba DOAJ, jerin irin waɗannan mujallu. Sai ka buɗe maƙala biyu daga fitowarta ta ƙarshe ka karanta da idonka.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, aikin ya tafi, don ba za ka sake wallafa shi a wani wuri ba. Abin da ya rage shi ne kada ka sa shi a sahun gaba na ayyukanka.

Dan_Lab:
Maƙalar taro fa, ana ƙirga ta?

Lantarki247:
Ya danganta da fanni. A kwamfuta da wasu sassan lantarki da sadarwa, manyan tarukan ƙungiyoyin masana IEEE da ACM suna da bita mai tsanani, wasu ma sun fi mujallu da yawa daraja. A gine-gine da makanikal da kemikal, mujalla ce kan gaba. Kuma kasancewar maƙala a IEEE Xplore, rumbun maƙalun IEEE, ba ya nufin taron babba ne, ƙanana da manya duk suna ciki. Tambayi waɗanda ke fannin wane taro suke girmamawa.

Tunda an yi maganar awo, masu aikin hasken rana ma su kula. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a haske 1000 W/m² da zafin ƙwayar faranti digiri 25. In ka auna a fili ba ka rubuta hasken lokacin da zafin farantin ba, ba yadda za a kwatanta sakamakonka da na kowa, domin farantin silikon na rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru.

Dattijon_Sashe:
Duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma kun bar babban. A yawancin tallafin bincike, ba kai kaɗai ake tantancewa ba, kai da mai masaukinka ne. Humboldt sai da yardar mai masauki a Jamus. JSPS ma ba kai ke miƙa takarda ba a hanyar da aka fi bi, farfesan Japan ne ke miƙawa ta jami'arsa. Tallafin gwamnatin Suwizalan na son wasiƙar farfesan da ya amince zai karɓe ka. Mai maƙala ɗaya da Injiniya ya ce ya tafi, ku bincika, za ku tarar ya daɗe da samun wanda ya tsaya masa.

Wasiƙar farko zuwa ga farfesa kada ta wuce abin da zai karanta a waya. Layin farko: kai waye, wane mataki. Na biyu: wane aikinsa ka karanta daga na shekara biyu ko uku da suka wuce, da takamaiman abin da ka gani bai rufe ba. Na uku: abin da ka iya da hannunka, a ambaci na'ura ko manhaja da suna. Na huɗu, wanda ɗalibai ke mantawa: sunan tallafin da za ka nema da ranar rufewa, don ya san ba aljihunsa kake nufa ba. Haɗa tarihin karatunka da shafi ɗaya na abin da kake son bincikawa. Kada ka aika wa mutum biyar a sashe ɗaya, suna magana da juna. In mako biyu ya wuce shiru, tunatarwa ɗaya, daga nan ka wuce gaba.

A fara wannan wata shida zuwa tara kafin rufewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya_Nafiu:
Allah ya ƙara girma Yallaɓai. Amma wannan bai zama sanayya ba? Wanda malaminsa ke da abokai a waje shi zai riƙa samu kenan.

Dattijon_Sashe:
Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, ba zan musa ba. Wanda malaminsa ya gabatar ya fi saurin samun amsa. Amma guraben Marie Curie na digirin digirgir ana tallata su a fili a shafin EURAXESS na Tarayyar Turai, aiki ne da kwantiragi da albashi, kowa na iya nema ba tare da ya san kowa ba. Mai jin ba shi da hanya ya fara daga can.

DrSaratu_Makanikal:
Bari in ƙara a kan na bayan digirgir, don a nan ne tambayar Injiniya ke samun amsa da lamba. Tallafin Marie Curie na sababbin daktoci ana ba shi maki kashi uku: ingancin bincike da mai binciken 50, tasiri 30, tsarin aiwatarwa 20. Babban sashen daftarin shafi 10 ne, abin da ya haura ba a karantawa. Wato rabin maki ba ya kan tarihinka ko kyan tunaninka. Injiniyoyi kan zuba shafi takwas a lissafi da hanyar gwaji, su bar tasiri da aiwatarwa a shafi biyu, sai su faɗi a inda ya fi sauƙin ci.

A aiwatarwa ana son jadawalin wata-wata, aikin a rarrabe kashi-kashi, da teburin abin da zai iya lalacewa da abin da za ka yi in ya lalace. Misali, in na'urar da ka dogara da ita ta tsaya wata uku, ina za ka kai samfurinka? A tasiri, faɗi matakin da fasahar take a ma'aunin TRL, na yadda fasaha ta kusa fara aiki, mai hawa 1 zuwa 9, da inda za ka kai ta. Wanda ya ce zai ɗauko abu daga hawa 2 zuwa 8 cikin wata 24 ya nuna bai san aikin ba. Daga 3 zuwa 4 ko 5 magana ce da za a yarda da ita.

A kula kuma, in daftari ya samu maki ƙasa da iyakar da aka sa, ba a yarda ka sake miƙawa da wannan mai masaukin a shekarar da ke biye ba. Saboda haka ba wurin gwada sa'a ba ne.

UmmuHanan_Kemikal:
Ga 'yan uwa mata: iyakar shekara 8 bayan digirgir da wannan tallafin ya sa, ana cire wata 18 a kan kowace haihuwa da aka yi bayan kammalawa. Kada wata ta cire kanta da kanta. Akwai kuma Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger, tun 2004 yake, na mata ne zalla daga ƙasashe masu tasowa, digirin digirgir ko bayansa a kimiyya da injiniya. Su suna duba koyarwa da jan 'yan mata zuwa fannin, da niyyar komawa gida, ba maƙala kaɗai ba. Ga wani wurin da ma'aunin ya bambanta da wanda Injiniya Nafiu ya kawo.

Dan_Lab:
To wanda ya ƙera na'ura fa, ba maƙala? Ba ya fi ba, tunda injiniya ne?

RuwaDaIska:
Na'urar da ba a auna aikinta ba hoto ce kawai. A rubuta me take fitarwa, a wane yanayi, awa nawa ta yi tana aiki, a ina ta gaza. Zane da lambobin manhaja da bayanan awo a ɗora su a Zenodo, rumbun ajiye bayanan bincike a intanet, kyauta ne kuma zai ba ka lambar DOI, lambar shaida ta dindindin, da za ka sa a takardarka.

Bakin_Allo:
Tsaya Malam RuwaDaIska, kafin ya ɗora komai. In yana tunanin yi wa ƙirƙirar rajistar haƙƙin mallaka, bayyana ta a fili kafin miƙa takarda na kashe ta a Turai. Maƙala, allon taro, bidiyo a intanet, har kundin digiri da aka sa a buɗaɗɗen rumbun jami'a, duk bayyanawa ne. Amurka na ba da rangwamen wata 12 bayan ka bayyana da kanka, Turai ba ta da irin wannan. Tsarin shi ne ka fara miƙawa, daga ranar kana da wata 12 ka nemi kariya a wasu ƙasashe, ta hanyar PCT, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan wannan rajista, kuma ka samu har wata 30 kafin shiga kowace ƙasa. Ka nemi jami'a ta rufe kundin na ɗan lokaci, ka kuma duba dokarta, don sau da yawa ita ce mai haƙƙin, ba ɗalibi ba.

RuwaDaIska:
Gaskiyarka, wannan ne ya kamata ya zo farko.

Siminti_da_Rodi:
Wani abu da ke cinye tallafi bayan an samu: izinin tsaro. A Birtaniya yawancin fannonin injiniya a matakin bincike na buƙatar takardar izinin tsaro ta ATAS kafin biza, in ba ka cikin ƙasashen da aka yafe wa. Kyauta ce, amma a ƙiyasta aƙalla kwanakin aiki 30, a lokacin cunkoso ta fi haka. Jami'a za ta ba ka lambar CAH3, wato lambar fanninka, da bayanin binciken da za ka saka, kada ka rubuta naka daban. Wata 6 take yi, kuma in batun bincikenka ya canza sai ka nemi sabuwa. A Amurka dokokin ITAR da EAR na taƙaita fitar da fasaha suna hana baƙo taɓa wasu ayyuka, musamman a jiragen sama da sararin samaniya da nukiliya, ko da farfesan na son ka. Tambaye shi tun farko ko aikin a buɗe yake ga baƙi.

Lantarki247:
Fulbright kuma an ce in ka gama ba ka sake shiga Amurka sai bayan shekara biyu.

DrSaratu_Makanikal:
Ba haka dokar take ba. Bizar J-1 ce, kuma tunda kuɗin gwamnati ne, sai ka yi shekara 2 a ƙasarka kafin ka samu bizar aiki irin H ko L, ko zama na dindindin. Ziyara ko zuwa taro ba ta hana.

Dan_Lab:
Wanda ya riga ya yi nisa a digirgir a jami'arsa, abin da ya rage masa na'urar gwaji ce kawai, sai ya sake daga farko?

Dattijon_Sashe:
A'a. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth na da tallafin wata 12 a Birtaniya ga wanda ke da rajista a gida, da wasiƙar malamai biyu, na gida da na can. TWAS, cibiyar kimiyya da ke Trieste a Italiya, ma na da irin wannan tsakanin ƙasashe masu tasowa. Amma a tafi da samfuri a shirye da jerin gwaje-gwaje a rubuce, domin watannin farko kan tafi a horon tsaro da jiran layin na'ura. A kuma rubuta yarjejeniya tun kafin tafiya kan jerin sunaye a maƙala da wanda ke da bayanan.

Injiniya_Nafiu:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka. Amma har yanzu ina nan kan cewa maki na da hakkinsa. Mai sakamako na ɗaya da ya bi duk matakan nan ai zai doke mai na biyu.

Bakin_Allo:
In komai nasu ɗaya ne, e. Sai dai da wuya komai ya zo ɗaya.

UmmuHanan_Kemikal:
Wasiƙar shaida ma na raba su. Wadda ta ce yaro ne mai ladabi da ƙwazo ba ta ƙara komai. Ba malamin takardarka da sanarwar tallafin mako huɗu kafin rufewa, ka tuna masa takamaiman aikin da ka yi a gabansa, ya kuma aika daga adireshin jami'a, ba Gmail ba. Mai shirin nema a zagaye mai zuwa ya duba ranar jarrabawarsa: jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL shekara 2 suke yi, GRE ta shiga karatun gaba da digiri shekara 5.

Dan_Lab:
Hajiya, in malamin ya ce ɗalibi ya rubuta da kansa ya kawo a sa hannu fa? Da yawa haka suke yi.

UmmuHanan_Kemikal:
To ya rubuta masa jerin abubuwan da suka faru, da kwanan wata da sunan aikin, ya roƙe shi ya zuba su da bakinsa. In wasiƙu uku suka zo da salo ɗaya da na takardar ɗalibin, masu karantawa na ganewa.